Abin da Ya Kashe Ɗawisun Manaja

Tagar ɗakin Baba Tela ba ta kallon komai sai kejin ɗawisu. Ranar da aka mayar da shi ɗakin, ɗansa Manaja ya ce ai gata aka yi masa: babu hawa matakala, babu hayaniyar talabijin, ga tsuntsaye masu kyau yana kallo daga kan gado, alhali wasu sai sun yi sallama a bakin get kafin a bar su su leƙa. Baba Tela ya ce Allah ya yi albarka. Ɗakin da ya baro a cikin gida kuwa aka sa masa sabon labule, aka ajiye shi domin baƙi, irin baƙin da ba sa kwana.

Ɗakin na baya yana manne da sito. A cikinsa akwai gado, da kujerar roba, da keken ɗinkin tsohon, wanda aka lulluɓe da zanen gado tun da idanunsa suka yi hazo. A cikin siton kuma akwai wani tsohon firiji da murfinsa ba ya kamawa sai an tokare shi da bulo. Daga wannan firijin Baba Tela yake ci.

In ana neman mai laifi, to shi ya jawo wa kansa. Wata safiya ya tarar da surukarsa Madam tana sauri za ta fita aiki, jaka a kafaɗa, makullin mota a baki, tana laluben ashana ta ɗora masa wani abu. Nauyi ya kama shi, ya ce, "Bar shi, 'yata, kada ki makara. Ni ai ɗumame ya fi mini daɗi. Abinci in ya kwana ya fi laushi."

Magana ce ta kara, irin wadda mai faɗa da mai ji duka suka san ba a aiki da ita. Madam ta karɓe ta hannu biyu. Ta kuma adana ta fiye da yadda take adana abincin.

Dokar gidan ita ce ba a zubar da abinci. Madam ba ta son almubazzaranci, tana ma da ayoyi a kai. Duk abin da ya rage a tebur, a kankare shi cikin roba, a rufe, a kai firijin baya. Mai aikin gidan, wata mata mai fama da ciwon gwiwa, an koya mata tsari: robar da ta fi daɗewa ita ake fara ɗauka, don kada ta lalace. Da wannan tsari mai kyau Baba Tela bai taɓa cin na jiya ba. Na jiya yana can a bayan layi, yana jiran ya tsufa. In an ɗauke wuta kuma, janareton gidan ba ya kaiwa sito, don an ce ba a ɗora masa nauyin banza.

Da safe shayi da burodi. Da rana mai aiki ta ɗumama roba ɗaya, ta juye a kwano, ta ajiye a kan ɗan benci a ƙofar ɗakinsa, ta ce, "Baba, ga abincinka," ta ja ƙafarta ta tafi. Abin da ya rage a kwanon shi ne na yamma.

Idon tela ne ya mutu, hancinsa yana nan da ransa. Yana buɗe murfi zai ji tsamin ya doke shi. Wani lokaci shinkafar tana yauƙi a cokali. Wani lokaci a gefen miyar akwai ɗan fari-fari da ko mai hazo a ido ya san fumfuna ce.

Sau ɗaya ya gwada magana. "Baiwar Allah, kamar dai ya ɗan juya ko?"

"Haba Baba, na tafasa shi sosai fa. Wuta tana kashe komai."

Sau ɗaya kuma ya mayar da kwanon yadda ya zo. Da yamma Madam ta zo har ƙofa, ba ta shigo ba, ta tsaya da murya mai sanyi. "Baba, ko wani laifi muka yi ne? An ce ba ka taɓa abincin ba. Wallahi raina bai so ba. Mutum nawa ne ke neman irin wannan ba su samu ba?"

Ya ce mata babu laifin kowa, barci ne ya ɗauke shi. Ya ji kansa kamar yaron da aka kama yana zaɓen abinci a gidan mutane.

Ya gwada juyewa a masai. Famfon bayin nasa ba ya aiki sai an kora da bokiti, shinkafa kuwa ba ta da sirri, sai ta taso. Mai aiki ta gani, labari ya kai cikin gida, ya jiyo Madam tana salati. Daga nan ya rasa inda zai kai. Kwanon ba ya ciyuwa, ba ya mayuwa, ba ya zubuwa. Sai taga.

Ɗawisun uku ne. Manaja ya sayo su ne bayan wani abokin aikinsa ya sayo jimina. Babban namijin Baba Tela yake kira Ango, don in ya baza jelarsa sai ka rantse yau ake ɗaura masa aure. Da ɗan hasken da ya rage masa yana iya ganin shuɗin wuyan nan da koren da ke wasa a rana, ya riƙa cewa a ransa duk shekarun da ya yi a kan keke bai taɓa samun zare mai wannan launi ba. Ƙaramin namijin, wanda jelarsa ba ta gama fita ba, shi ne Ɗan Koyo: aiki ne da aka yanka ba a haɗa ba. Macen kuma Toka, launin yadin da ke kwantai a shago.

Ranar farko da ya watsa musu cokali ɗaya ta taga, suka rufa a kai. Ya ƙara. Kafin ka ce me kwanon ya yi fes. Ya ajiye shi a kan benci, da yamma ya jiyo mai aiki tana ba da rahoto a kicin: "Yau kam Baba ya cinye tas."

"Kin gani ko?" in ji Madam. "Dama rigimar tsufa ce."

Haka aka samu zaman lafiya a gidan. Kwano yana zuwa cike yana komawa fes. Tsuntsayen suka saba, da sun ji ƙarar murfi sai su taru a gindin taga. Baba Tela ya sami abokan hira, yana yi musu faɗa kamar yaran shago. "Kai Ɗan Koyo, bar wa Toka ta ci. Ji haɗama, jela ma ba ka gama biya ba."

Shi kuma yana zaune a kan shayi da burodin safe. Yakan raba burodin biyu, ya sa rabi a ƙarƙashin filo domin yamma. Wandonsa ya fara zamewa. Bai buɗe keke ba, don ƙararsa za ta jawo tambaya. Ya ɗauko allura, ya sa zare da lalube, ya kama ƙugun daga ciki, ɗinki mai kyau wanda ba a gani ta waje. Da ya sake zamewa ya sake kamawa. Ya rage kafaɗar rigunansa ma. Aiki ne na gwani, har wata rana Manaja ya hango shi yana alwala ya ce, "Baba, kayan nan sun zauna maka fa."

Manaja ba ya fashin zuwa bayan gida. Kullum in ya dawo daga ofis, kafin ya cire takalmi, sai ya zagayo wurin keji da waya a hannu yana ɗaukar hoto. Daga nan yake gaida mahaifinsa, fuska ga tsuntsaye, ƙeya ga taga.

"Baba, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Kai, dubi wannan ɗan banza yadda yake taƙama!"

'Yarsa, ƙanwar Manaja, tana aure a nesa, takan kira a waya. "Baba, kana dai cin abinci ko?"

"Tambayi mutanen gidan. Kwano fes yake komawa."

"Alhamdu lillahi. Ni dai hankalina a kwance yake tunda kana wurin Yaya."

Toka ce ta fara. Wata safiya Baba Tela ya leƙa ya gan ta a kusurwa, fukafukai sun saki, wuya ya langaɓe kamar igiyar da aka jiƙa. Kafin azahar ta mutu. Manaja ya baro ofis da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a kan gawar yana huci. Maigadi ya sha tambaya ko ya yi feshin sauro kusa da keji. Madam ta ce ita dama ta faɗa, yawan sa hotunansu a waya ba alheri ba ne, bakin mutane ba shi da kyau. Manaja ya ce lallai baki ne, ya ma san ko na wane ne.

Baba Tela yana zaune a bakin gado yana ji. Jiya miya ce mai nama ya juye musu, wadda warinta ya sa shi kau da kai, kuma Toka ce ta fi ci, don ya kore mata mazan da sandarsa. Ya dubi tafin hannunsa. 

Da kwanon ranar ya zo, ya rufe taga. Ya toshe hanci ya ci.

Ya ci washegari ma, da ranar da ta biyo. Cikinsa ya ɗauka da murɗa, sannan ya ɓalle. Tsakanin gado da bayi taku kaɗan ne, amma wata asuba ƙafafunsa ba su kai shi ba. Mutumin da ya yi wa rabin unguwa sutura ya durƙusa a gaban bokiti yana cuɗa zanen gadonsa da guntun sabulu, yana hutawa, yana sake cuɗawa. Bai shanya a igiyar waje ba. Ya baza shi a kan keken ɗinki ya rufe ƙofa.

Da yamma ya yi ƙarfin hali, ya buɗe taga. "Manaja, cikin nan nawa yana ɗan damuna."

"Shekaru ne, Baba," in ji Manaja, yana duba idon Ango ko ya yi ja. "Ciki in ya tsufa haka yake. Ranar hutu zan kai ka a duba ka."

Madam ta aiko mai aiki da wasu ƙwayoyi daga jakarta, ragowar waɗanda aka rubuta mata wani lokaci can. Magani ma ba a zubar da shi a gidan. Ranar hutu ta zo, Manaja ya tafi neman macen da za ta maye gurbin Toka, bai samu ba, ya dawo a gajiye.

Ranar da abin ya faru, shinkafa ce da wani nama da ya yi kore a jikin ƙashi. Baba Tela ya kai cokali baki, maƙogwaronsa ya ƙi. Ya sake kaiwa, cikinsa ya taso. A waje Ɗan Koyo ya ji ƙarar murfi, yana ta kai da komo a gindin taga. Tsohon ya zauna yana shawara da kansa. Ai an ce baki ne. Manaja ya yi karatu, Madam ta yi karatu, su suka ce baki ne. Tsuntsu kuma ai a juji yake kiwo, me zai same shi? Ya san ƙarya yake yi wa kansa, amma ƙaryar ta fi naman sauƙin haɗiya. Ya buɗe taga.

Da gari ya waye Ɗan Koyo yana kwance babu rai, wuya a ƙasa. Ango yana tsaye da ƙyar, jela tana jan ƙasa, ido a lumshe. Wannan karon Manaja bai tsaya neman mai baki ba. Kafin azahar sai ga motar likitar dabbobi a tsakar gida.

Mace ce, ba ta da yawan fara'a, ta sa safar hannu tun kafin ta gama amsa gaisuwa. Aka kawo mata tebur daidai gindin tagar Baba Tela. Yana ciki, yana jin komai.

"Abin da ke kashe su farat ɗaya yana da yawa," ta ce. "Sai mun bi a hankali. Akwai kaji a gidan nan, ko an kawo wani sabon tsuntsu?"

"Babu," in ji Manaja.

"An ba su maganin tsutsar ciki?"

"Kan lokaci. Ni da kaina nake tsayawa."

"Maganin ɓera fa? Feshin ƙwari a fulawoyi? Ko an yi gyara an bar ƙusa ko guntun waya? Suna haɗiye duk abin da ke walƙiya."

"Likita, kejin nan ya fi ofishina tsabta."

"Abincinsu?"

Manaja ya sa aka jawo buhun. "Daga shago nake saye, mafi kyau. A kan katako yake, ba ya taɓa ƙasa. Ruwansu safe da yamma ake canzawa."

Ta damƙi hatsin ta sunsuna, ta ce lafiyarsa ƙalau. Sannan ta kwantar da Ɗan Koyo a tebur ta buɗe shi tun daga wuya har ƙundu. Ba ta daɗe ba ta ja da baya.

"Wa ke ba su abincin mutane?"

"Babu mai ba su."

"To wannan shinkafa ce da mai, ga nama. Kuma tun kafin ya haɗiye ta ta ruɓe. Abinci in ya lalace haka yana yin dafi, shi ke sakar musu wuya. Dafin bola ke nan." Ta waiga tana duba ƙasa. Ba ta sha wahala ba. Bangon da ke ƙarƙashin tagar ya yi zane-zanen maiƙo tun daga sama har ƙasa.

Manaja ya bi zanen da ido har ya kai ga tagar. Rabon da ya kalle ta gaba da gaba an daɗe.

"Baba! Ɗan fito."

Baba Tela ya dafa bango ya fito. Rana ta kashe masa ido. Madam ma ta fito tana gyara gyale, don ranar ba ta je aiki ba saboda tashin hankali. Likitar ta gaishe shi da ladabi, ta dube shi tun daga wuyan riga har idon sawu, irin duban da ta yi wa Ango.

"Baba, kai kake watsa musu abinci?"

"Ni ne, 'yata."

"A ina kake samunsa?"

Ya ji idon ɗansa a kansa. Baƙuwa ce, gobe tana wani gidan, jibi tana wani. Ya ce, "A kwandon shara nake tsinta. In na ga an zubar sai in ga kamar asara. Tsufa ne, ku yi haƙuri."

"Shara!" Muryar Manaja ta fito da ƙarfi, har da wani sauƙi a cikinta. "Haba Baba! Haba Baba! Ka san yadda na sha wahala kafin in same su? Me ka rasa a gidan nan da za ka riƙa tonon shara kamar—"

Bai ƙarasa ba. Azahar ta yi, mai aiki kuwa ba ta san da wani canji ba. Ta fito daga kicin tana jan ƙafa, ta ratsa ta tsakaninsu, ta ajiye kwano a kan benci.

"Baba, ga abincinka."

Murfin bai zauna daidai ba. Tururi ya fito, iska ta raba wa kowa rabonsa. Likitar ta miƙa hannu da safarta ta ɗaga murfin. Shinkafa ce da mai, da sauran naman jiya, ragowar robar da ba ta ƙare ba. Ta dubi kwanon, ta dubi abin da ke kan tebur. 

Madam ta sa gefen gyale a hanci, sannan ta tuna, ta sauke. 

Baba Tela ya zauna a kan bencin. Ya jawo kwanon kan cinyarsa, ya yi bisimilla, ya cika cokali.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Ni na ce a riƙa ba ni. Ɗumame ya fi mini daɗi."

Ya kai baki. Ya tauna. Ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa, ya sake cikawa. Yana ci yana jira. Hannu ɗaya kawai ake bukata, a ce Baba bari. Amma duk wanda ya riƙe hannun tsohon ya amsa cewa abincin ba na ci ba ne, kuma ya amsa a gaban baƙuwa. Manaja yana tsaye, hannuwansa biyu a aljihu, yana kallon takalminsa. Tsohon ya kai loma ta gaba.

Likitar ce ta karɓe kwanon. Ta yi shi a hankali, kamar mai karɓar wuƙa a hannun yaro.

"Tsuntsun da ya rage zan yi masa allura, in sa masa ruwa, ina sa ran zai tashi," ta ce da Manaja, ba ta ɗaga murya ba. "Kada a sake ba shi abin da ya kwana. Shi kuwa Baba ba fannina ba ne. Amma da nawa ne, yau zan kai shi asibiti."

Manaja ya raka ta har mota. Daga inda yake zaune Baba Tela ya jiyo shi ƙasa-ƙasa: "Likita, don Allah wannan magana ta tsaya a tsakaninmu."

Da la'asar aka yi zaman shari'a a kicin, bango ɗaya tsakaninsu da shi. Madam ta ce da bakinsa ya ce ɗumame yake so, ita me za ta yi, ta ƙaryata babba? Mai aiki ta ce ita abin da aka nuna mata take ɗaukowa, kuma tana tafasawa. Manaja ya ce shi wuni yake a ofis, ba zai san abin da ke cikin kowace roba ba. Aka kira ƙanwar a waya, ta yi kuka ta ce ku da kuke tare da shi, sannan ta ce ita ma Baba cewa yake mata kwano fes. Aka juya magana, aka juya, har aka gano mai laifi. Firiji ne. Murfinsa ba ya kamawa.

Kafin magariba Manaja ya shigo ɗakin. Ya tsaya a tsakiya kamar wanda ya ɓata hanya. Ya ga zanen gado a kan keke. Ya ga wando a rataye a ƙusa, cikinsa a waje, ƙugun duk kamu a kan kamu. Ya sa yatsa ya taɓa ɗinkin, ya janye da sauri. Kunya ta kama shi, ta gaske, har wuyansa ya kasa ɗaukar kansa. Sai dai kunya iri biyu ce. Akwai mai sa mutum ya durƙusa, akwai mai sa shi neman wanda zai ɗora wa.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Ka ga yadda ka sa muka ji kunya a gaban baƙuwa?"

Baba Tela ya daɗe yana kallon inda fuskar ɗansa take, wani dishi-dishi mai kama da tasa fuskar.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Ban kyauta ba."

Washegari ma'aikata biyu suka zo gidan. Mai gyaran firiji ya sa wa murfin sabuwar roba, aka jefar da bulon. Mai walda kuma ya kafa wa tagar Baba Tela raga mai ƙananan ido, wadda ko ƙwayar shinkafa ba ta wucewa. Asibiti aka ce sai ranar hutu. An kawo masa abinci daga tebur da zafinsa, ranar da wadda ta biyo, amma cikin ya riga ya rufe ƙofa, ko ruwa ba ya zama. Kwanon ya koma cike. Ya jiyo Madam tana cewa, "Kun gani ko? Sabon ma ba ya so."

Mai aiki ce ta same shi a ƙasa, tsakanin gado da bayi, da ta kawo shayi. Maigadi ya ɗauke shi shi kaɗai zuwa mota, ya ce bai kai nauyin buhun abincin tsuntsaye ba, sannan ya yi shiru da ya ga fuskar maigidansa.

A asibiti aka sa masa ruwa. Likitan ya ɗaga hannun rigarsa, ya ja fatar damtsen ya saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya juya ga Manaja.

"Me yake ci a gida?"

"Abin da muke ci, likita."

Ba ƙarya ya yi ba. Abin da suke ci ne, sai dai bayan sun manta da ranar da suka ci shi. A irin gidajen nan ba a dukan tsoho, ba a zaginsa, ba a korarsa. Ana gaishe shi ta taga. Kowa yana da hujjarsa a wanke a goge, kuma tsohon da kansa ne zai tsaya musu shaida, don shi ya haife su, tonon asirinsu nasa ne.

Likitan ya sunkuyo. "Haka ne, Baba?"

"Haka ne. Yarana ba su rage ni da komai ba."

Da likitan ya fita, Manaja ya zauna a kujerar gefen gado, ya rasa inda zai sa idonsa, ya sa shi a kan robar ruwan da ke ɗiga. Leɓen tsohon ya motsa. Ya matso da kunne.

"Ango ya tashi?"

"Ya tashi, Baba. Jiya har ya baza jela."

"Madalla." Baba Tela ya lumshe ido. "A kula da shi. Kada a ba shi abin da ya kwana."